Awa Biyu Tsakanin Ɗaki da Gadon Asibiti

Macen da jini ya ɓalle mata bayan haihuwa, in ba a tsayar da shi ba, tana iya rasuwa cikin awa biyu. Doguwar naƙuda takan ba da kwana biyu zuwa uku, jijjiga takan ba da kwana ɗaya ko biyu, amma zubar jini awa biyu ce. A cikin awa biyun nan ne za a gane cewa jinin ya wuce kima, a sami izinin fita, a samo mota, a haɗa kuɗin mai, a bi hanya, a tarar da ma'aikaciya a bakin aiki, a tarar da magani mai rai, in ta kama kuma a tarar da jinin da za a ƙara mata. Babu wata hukuma ɗaya da ke riƙe da waɗannan duka. Izini yana hannun miji ko surukai. Mota tana tasha. Allura tana asibitin gunduma, jini da tiyata suna babban asibiti, lissafin wadda ta rasu da dalilin rasuwarta kuma yana sashen lafiya na ƙaramar hukuma. Kowa na iya yin nasa aikin daidai, matar ta rasu a tsakaninsu. Saboda haka idan ana zancen haɗin gwiwa tsakanin ƙungiyoyin al'umma da asibitoci da jami'an lafiya, abin da nake nufi shi ne wa zai yi me da ƙarfe biyun dare, da sunansa da lambar wayarsa.

Binciken lafiyar iyali na ƙasa na 2018 ya nuna mata 512 ne ke rasuwa a cikin kowace haihuwa 100,000 a Najeriya. Ya kuma nuna kusan kashi 16 cikin ɗari ne kawai na haihuwa ake yi a asibiti a Arewa maso Yamma, alhali a Kudu maso Gabas ya haura kashi 80. Wannan tazara ta tsakanin shiyyoyi kowa ya san ta. Wadda ba a cika magana a kanta ba ita ce ta cikin gunduma ɗaya: matar da ke bayan kasuwa, minti goma tsakaninta da asibiti, da matar da ke ruga ko tunga a hayin rafi, wadda in ruwan Agusta ya sauka ko babur ba ya isa gare ta. Duk tsarin da aka yi, da ta biyun za a auna shi. In ya yi mata aiki, ta farkon ba ta da matsala.

Aikin yana farawa da ƙidaya, kuma lissafin ba wuya. Ma'aikatan lafiya a matakin farko suna ɗaukar kashi 5 cikin ɗari na jama'a a matsayin masu ciki a shekara, kuma kusan 15 cikin kowace 100 daga cikinsu za su gamu da matsalar da ke buƙatar taimakon gaggawa. Gundumar da ke da mutum 20,000 tana da masu ciki kusan 1,000 ke nan, 150 daga cikinsu za su shiga hatsari, wato kusan uku a kowane mako. In littafin asibitin gunduma ya nuna mata huɗu ko biyar kawai aka tura babban asibiti a wata shida, ba lafiya ce ta yawaita ba. Sauran suna gida, wasu sun tafi kemis, wasu an binne su ba wanda ya rubuta.

Bayan lissafi sai taswira, kuma ba a ofis ake zana ta ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A zaunar da masu unguwanni, da arɗo, da ungozomomi, da 'yan acaɓa, da matan da ke zagayen rigakafin shan inna, domin su ne suka san kowane gida. A rubuta kowane ƙauye da tunga da ruga da sansanin waɗanda suka gudo daga rikici. Kada a rubuta nisa da kilomita kawai. A rubuta shi da minti, sau biyu: rani da damina. A saka alama a inda waya ba ta kamawa, da inda ba a iya bin hanya bayan magariba saboda 'yan bindiga, abin da ya zama ruwan dare a sassan Zamfara da Katsina da Sakkwato. Duk wurin da ya haura awa ɗaya zuwa asibitin da ke karɓar haihuwa dare da rana, matansa ba sa cikin tsarin "a kira mota in abu ya taso". Nasu tsarin shi ne su matso kusa da gari idan ciki ya shiga wata tara. Al'adar goyon ciki ta riga ta buɗe wannan ƙofa, sai dai a gyara mata alƙibla: a je wurin dangin da suka fi kusa da asibiti, ko kwamitin ci gaban gunduma, wato wakilan al'umma da ke sa ido kan asibitin gunduma, ya tanadi ɗaki biyu a gidan wata dattijuwa da aka yarda da ita.

Jinkiri na farko a cikin gida yake, kuma shi ne ya fi cin lokaci. Mace tana naƙuda ta yi shiru don kunya, musamman a haihuwar fari. Ungozoma a wurare da yawa ba a kiran ta sai jariri ya faɗo, ta zo ta yanke cibi ta yi wanka. Jini kuma ana ganin dauɗa ce ke fita. To alamomin da ya kamata kowane gida ya haddace ba su da yawa, kuma sai an faɗe su da ma'aunin da mutane za su iya gani da ido. Ƙunzugu biyu ko uku sun jiƙe sharkaf cikin rabin awa bayan haihuwa, ko jinin yana ƙaruwa maimakon raguwa. Mabiyiya ba ta fito ba bayan awa ɗaya. Naƙuda ta wuce awa 12, wato daga asuba har magariba. Hannu ko ƙafa ko igiyar cibi ta riga kai fitowa. Ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi da kumburin fuska, waɗanda su ne ke gaban jijjiga. Kowane irin jini kafin haihuwa. Zazzaɓi da ruwa mai wari a kwanakin jego. Waɗannan ba masu ciki kaɗai za a koya wa ba, domin wadda ke zubar da jini ba ita ke yanke shawara ba. A koya wa uwar miji da kishiya da maƙwabciya a islamiyyar matan aure da wuraren suna, a koya wa maza a majalisa da bayan sallar Juma'a. A Damagaram an gwada makarantar mazaje, inda magidanta ke zama a kai a kai da ma'aikatan asibitin yankinsu suna tattauna awo da haihuwa, daga baya aka yaɗa ta zuwa sauran jihohin Nijar.

Abu ɗaya da ba ya cin ko kwabo amma yana ceton awa guda shi ne izini tun kafin lokaci. Miji ya faɗa a gaban mahaifiyarsa da wani maƙwabci cewa in abu ya taso ba ya nan, a wuce da matarsa asibiti ba sai an neme shi ba, kuma ya ambaci wanda zai sa hannu in an ce tiyata. A yankunan da maza ke tafiya cirani Legas ko Fatakwal bayan girbi, wannan magana tilas ce. Ma'aikaciyar da ke yin awo ta tambaya a zuwan farko, ta rubuta a kati: an ba da izini ko ba a ba da ba, wa zai raka ta, wa zai ba da jini. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ungozoma kuwa, kuskure ne babba a mai da ita abokiyar gaba. Asibitin da ke korar ungozoma daga ƙofa yana koya mata ne ta riƙe mace a gida har sai abu ya lalace. Ita ma ba za a bar ta da abin da ya fi ƙarfinta ba: ba yankan gishiri, ba danna ciki, ba jan igiyar cibi, ba jiƙon da zai ƙara zafin naƙuda. Aikinta a sabon tsari shi ne ta san masu ciki na unguwarta, ta kai su awo, ta rako mai naƙuda, a bar ta ta shiga ɗakin haihuwa ta zauna kusa da ita. Sai dai a tuna cewa abincinta ne. In rako mace asibiti yana nufin ta rasa sabulu da hatsi da ɗan abin da ake ba ta, ba za ta rako ba. Dole iyali su ci gaba da ba ta hakkinta na wankan jego, kwamiti kuma ya ƙara mata wani abu kan kowace rakiya.

Inda aka san haihuwar gida za a yi ko ana so ko ba a so, akwai ƙwayar misofurostol. Ƙwaya uku ce, kowace mai nauyin maikirogiram 200, a haɗiye su tare da zarar jariri ya fito, bayan an shafa ciki an tabbatar babu na biyu. Tana sa mahaifa ta tsuke, kuma ba ta buƙatar firji. Hatsarinta shi ne a sha ta kafin haihuwa don naƙuda ta yi sauri, domin tana iya fasa mahaifa ta kashe uwa da ɗa. Don haka ba a raba ta kamar alawa. Ma'aikaciya ce za ta bayar a awon ƙarshe, ta yi bayani a gaban wadda za ta zauna da mai haihuwar, ta sa su maimaita, ta kuma gaya musu cewa rawar ɗari da ɗan zazzaɓi bayan sha ba abin tsoro ba ne. Su kuma sani cewa ƙwayar rigakafi ce: in jini ya ci gaba, mota za a nema, a riƙa murza ciki a ƙasan cibiya har mahaifa ta yi tauri, a sa jariri a nono.

Sai mota. Motar asibiti ɗaya a ƙaramar hukuma, in ma tana tashi, ba za ta wadatar da gunduma goma ba. Abin da aka gwada ya yi aiki a Jigawa da Katsina da Yobe da Zamfara da Gombe da Adamawa shi ne direbobin sa kai na ƙungiyar direbobin haya ta ƙasa, wato NURTW. Ana zaɓar direbobin da ke kwana a ƙauyukan, ba waɗanda ke kwana a hedikwatar ƙaramar hukuma ba, a ba su horo na kwana ɗaya ko biyu. Su san alamomin hatsari, su san yadda ake kwantar da mace a kujerar baya a gefenta na hagu, a ɗaga ƙafafunta in jini take zubarwa, kada a cusa wa mai jijjiga cokali ko tsumma a baki. Su san wane asibiti ne ke tiyata da dare, don kada a ɓata awa ɗaya a ƙofar da ke kulle. Kuɗin mai kawai suke karɓa. Ladansu a tasha shi ne wanda ya kai mace asibiti ya kawo shaidar asibitin, a ba shi lodi ba tare da ya bi layi ba. Wannan ɗan abu shi ne ƙashin bayan tsarin, kuma shi ne ke fara mutuwa in aka canja shugabannin tasha ba a je an sabunta magana da sababbin ba.

Abin da ke lalata tsarin direbobi sananne ne. Direba ɗaya aka horar a ƙauye, ranar da aka neme shi yana Kano. A horar da uku zuwa huɗu, har da mai keke mai ƙafa uku inda mota ba ta shiga. Lambar waya tana littafin shugaban kwamiti maimakon bangon masallaci da ƙofar mai unguwa da bayan katin awo. Ba fetur a ƙauye da dare, don haka sai an ajiye jarka ta musamman a wurin mutum ɗaya amintacce, a mayar da abin da aka ɗiba washegari. Direba yana tsoron shingen jami'an tsaro, ko yana tsoron mace ta rasu a motarsa a riƙe shi. Maganin wannan katin shaida ne mai sa hannun hakimi da baturen 'yan sanda na yankin, kuma a gabatar da direbobin ga jami'an da ke shingayen ido da ido. Sannan leda mai kauri da omo: mutumin da zai kwashi fasinja da safe ba zai so kujerarsa ta jiƙe da jini ba, kuma yana da gaskiya.

Asusun gaggawa kuma da lita za a lissafa shi, ba da naira ba. Kafin cire tallafin mai a watan Mayun 2023 lita ba ta kai naira 200 ba, a 2024 ta haura 1,000 a wurare da yawa, kuma asusun da aka tsara da tsohon farashi ya zama ba ya kai mace ko rabin hanya. A auna lita nawa mota ke sha zuwa babban asibiti da dawowa, a ninka da yawan tafiyar da ake sa rai a wata, a tara na wata uku. Tarawa ta fi sauƙi da kaka: kwano ɗaya ko biyu na hatsi daga kowane gida, a sayar idan farashi ya tashi. Kuɗin ya zauna a hannun mutum biyu da ke kwana a garin, ɗaya mace, domin asusun banki ba ya buɗewa da tsakar dare. Rance ne ba ruwa, a biya bayan suna ko bayan girbi, kuma a amince tun farko cewa akwai gidajen da za a yafe wa, a rufe gurbin da zakka ko gudummawar masu hali. In ba a yi haka ba, asusun zai zama na waɗanda dama suna iya biya. A wasu gundumomin lafiya na Nijar an bi wata hanya: ana ƙara ɗan kuɗi kaɗan a kan kuɗin ganin likita na kowa, a tara shi don man motar da ke kai marasa lafiya babban asibiti, ta yadda mai naƙuda ba za ta biya a ranar ba.

Yanzu a ce duk wannan ya yi, mota ta tsaya a ƙofar asibitin gunduma da ƙarfe uku na dare. A nan ne al'umma ke yanke hukunci a kan tsarin baki ɗaya. In aka tarar da kwaɗo a ƙofa sau ɗaya, labarin zai riga motar komawa ƙauye, kuma wa'azin shekara ba zai gyara shi ba. Kada kwamiti ya tura mata asibitin da bai shirya ba. Shirin kuwa abubuwa ne da ake iya dubawa da ido. Jadawalin kwana a manne a bango, da ɗakin kwanan ma'aikaciya a cikin harabar, mai ƙofa da makewayi da mai gadi. Wuta a ɗakin haihuwa, ko ta sola ce mai ƙwai biyu. Ruwa. Allurar oksitosin mai sa mahaifa ta tsuke, a cikin firji, tsakanin digiri 2 zuwa 8, domin wadda ta yi watanni a kan kanta a zafin Afrilu tana iya zama ruwa kawai, a yi wa mace ita jini ya ci gaba. Magniziyam salfet na jijjiga, wanda kashin farkonsa giram 4 ne ta jijiya da giram 5 a kowane ɗuwawu, a yi shi kafin a tura mace gaba, ba a tura ta tana fizge-fizge a mota ba. Allurar taranekzamik ta rage zubar jini, giram 1 ta jijiya, wadda amfaninta yana cikin awa uku na farko bayan haihuwa. Ruwan ƙari da manyan allurai na sa shi. Na'urar awon jini mai aiki. In akwai rigar nan mai matse ƙafafu da ciki da ake sa wa wadda jini ya ƙare wa, a san cewa ba a cire ta sai a babban asibiti, a hankali, daga idon sawu zuwa sama, kuma a san wanda zai dawo da ita.

Ido ba ya auna jini daidai, ko idon ƙwararre ne. Rabin lita shi ne iyaka, amma a kan zane da katifa yakan yi kama da kaɗan. Wani babban gwaji da aka yi a asibitoci kusan 80 a Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, wanda Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ta jagoranci ɓangarensa na Najeriya, aka fitar da sakamakonsa a 2023, ya nuna cewa shimfiɗa leda mai ma'auni a ƙarƙashin mai haihuwa, sannan a yi murza ciki da allurai da ƙarin ruwa da duba rauni a lokaci guda maimakon ɗaya bayan ɗaya, ya rage mummunar zubar jini da abin da ke biyo bayanta da kusan kashi 60 cikin ɗari. Leda ce mai araha. Kwamitin gunduma yana da damar tambayar ko akwai ta.

Damar nan kuwa a rubuce take. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don kiwon lafiya a matakin farko, aka fara sa shi a kasafin 2018. Wani kaso na kuɗin yana shiga kai tsaye asusun asibiti ɗaya da aka zaɓa a gunduma, kuma masu sa hannu su ne incajin asibitin da shugaban kwamitin ci gaban gunduma. Kafin a kashe, ana rubuta tsarin abin da za a yi na wata uku. A nan ne kwamiti zai nuna ko na gaske ne. Fenti da allon suna suna da daɗin nunawa baƙi, amma batirin sola da gyaran firji da ƙofar ɗakin ma'aikaciya su ne ke riƙe rai. Shugaban da ke sa hannu a takardar da bai karanta ba ya ci amanar matan gundumarsa, ko bai taɓa kwabo ba. A manna abin da ya shigo da abin da aka kashe a bangon asibiti da Hausa, har da ajami inda shi aka fi karantawa. Haka kuma sashe na 20 na wannan doka ya hana kowane asibiti, na gwamnati ko na kuɗi, ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa. Mutane ƙalilan ne suka san da shi, ya kamata kowane direban sa kai ya sani.

Tsakanin ƙaramin asibiti da babba akwai wani rami da mata ke faɗawa. An tura mace ba takarda, ba waya, ta isa a fara tambayoyi daga farko, ko a ce likita ya tashi. Gyaransa shi ne lambar waya ɗaya a ɗakin haihuwar babban asibiti, wayar ta ɗakin ce ba ta wani mutum ba, tana da caji da kati. A kira kafin mota ta tashi. A rubuta takarda: awon jininta, maganin da aka yi mata da lokacin da aka yi, jinin da ta zubar. Kuma rabin takardar ya dawo da bayanin abin da aka samu, domin ma'aikaciyar da ba ta taɓa jin ƙarshen waɗanda ta tura ba, ba ta da hanyar sanin ko tana turawa da wuri ko a makare. A watan Nuwamban 2024 Ministan Lafiya Muhammad Ali Pate ya sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa ƙarfi a asibitocin da aka tantance, tare da shirin da ya fi mai da hankali kan ƙananan hukumomi 172 da suka fi yawan mace-macen. Aikin sashen lafiya na ƙaramar hukuma ne ya gaya wa kowane kwamiti da kowane direba sunan asibitin da ke cikin shirin a kusa da su, da abin da kyautar ta ƙunsa. Talakan da bai san an yafe masa ba zai zauna gida yana lissafin akuyar da zai sayar.

Jini ne ke ba da wahala fiye da komai. An iso, likita yana nan, sai a ce a kawo leda biyu, dangin da suka rako kuma tsofaffi mata ne biyu. A nan 'yan agaji na ƙungiyoyin addini da ƙungiyoyin matasa da 'yan ƙwallo suke da aikin da babu mai yi sai su. A tara masu shekara 18 zuwa sama, masu nauyin kilo 50 ko fiye, babban asibiti ya turo ma'aikacin ɗakin gwaji ya duba rukunin jinin kowa tun ana zaune lafiya. A rubuta suna da rukuni da lamba, kwafi ɗaya a ɗakin gwaji, ɗaya a wurin shugaban 'yan agaji. Masu rukunin O mai alamar ragi ba su da yawa, a san su ɗaya bayan ɗaya. Abin da ake ɗiba bai kai rabin lita ba, ruwan jikin yana dawowa cikin kwana ɗaya ko biyu, namiji yana iya sake bayarwa bayan wata uku. Sakamakon gwajin ƙanjamau da ciwon hanta sirri ne tsakanin mutum da asibiti, kada ya bi ta hannun kwamiti ko kusa. In ya fita sau ɗaya, babu saurayin da zai sake miƙa hannu.

Sai abin da aka fi gudu: zama a kan wadda ta rasu. Ƙa'ida ita ce a sanar da rasuwar mai ciki ko mai jego cikin awa 24 in a asibiti ne, awa 48 in a gida ne, sannan a zauna a bi sawun abin da ya faru, ba ambaton suna, ba ɗora laifi. Mai unguwa da liman da masu wankan gawa su ne suka san rasuwar gida, don haka ba tare da su ba littafin ƙaramar hukuma rabin gaskiya ne. Ana zuwa gidan bayan an share makoki, mace ta yi magana da mata, a tambayi lokuta: yaushe ciwo ya fara, yaushe aka yanke shawarar fita, yaushe mota ta zo, yaushe aka isa, yaushe aka taɓa ta. Za a ji ana cewa kwananta ne ya ƙare, kuma haka ne, babu mai ja da ƙaddara. Amma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wa mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya yi tawakkali, kuma tambayar a nan ita ce ta igiyar. Ranar da aka mai da wannan zama kotu, aka ci mutuncin ma'aikaciya ko aka kunyata miji a gaban jama'a, daga ranar za a fara ɓoye gawa, ma'aikata kuma su fara tura duk mai wahala gaba don kada ta mutu a hannunsu. A riƙa zama kuma a kan waɗanda suka sha da ƙyar, domin su suna da bakin faɗin abin da ya faru, har da irin maganar da aka gaya musu a ɗakin haihuwa. Tsawa da zagi da duka a lokacin naƙuda suna cikin manyan abubuwan da ke hana mata dawowa, kuma ba za su fito a kowane fom ba sai an tambaya.

Duk wannan yana rataye ne a kan waɗanda ke zaune a kwamitin. Kwamitin da ya zama na 'yan siyasar gunduma da 'yan uwan dagaci, duk maza, duk daga cikin gari, zai yi taro ya ɗauki hoto ya watse. A ba rugage da tungayen nesa kujera da sunansu, a biya wa wakilansu kuɗin babur, a sa taron ranar kasuwa da dama za su shigo gari. Mata su riƙe muƙamin da ke da iko, kamar ma'aji, in kuma ba za su yi magana a gaban maza ba, su yi nasu zaman kwana ɗaya kafin babban, wakiliyarsu ta zo da abin da suka yanke a rubuce. Shugaban tasha da shugaban 'yan agaji da wakiliyar ungozomomi su zauna, incaji ya zo da littafinsa, jami'ar lafiyar mata ta ƙaramar hukuma ta zo aƙalla sau ɗaya a wata uku. Alawus ɗin zama yana kashe kwamiti: in wata ƙungiya ta saba biya, ranar da shirinta ya ƙare taron ma ya ƙare.

Taron wata kuma awa ɗaya ya ishe shi in an san abin da ake dubawa. Masu ciki nawa aka rubuta daga kowane ƙauye, ba jimillar gunduma ba, domin jimilla tana ɓoye ƙauyen da ba wanda ya zo daga cikinsa. Tafiya nawa direbobi suka yi, kuma daga ina. Dare nawa asibiti ya kwana ba ma'aikaciya. Kwana nawa firji ya yi a kashe. Lita nawa ta rage a asusu. Ƙauyen da ya yi wata biyu babu ko mace ɗaya a littafin awo, a sa ranar da ma'aikaciya za ta je can da na'urar awon jini da maganin ƙarin jini da na zazzaɓin cizon sauro, a faɗi wanda zai kai ta a babur, a faɗi wanda zai sanar da arɗo ko mai unguwa kwana biyu kafin ranar. A watan Mayu kuma, kafin ruwa ya sauka sosai, a sake fito da taswirar, a bi sunayen matan hayin rafi da watan haihuwarsu zai faɗo tsakanin Yuli da Satumba, a san gidan da kowacce za ta sauka a gari.